Romon da Aku Ya Kai Gidan Tela

A shagon gyaran kujeru da ke bayan tashar bas, ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Aku ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya, kullum da ƙananan ƙusoshi a leɓe da guduma a hannu, amma ƙusoshin ba su taɓa hana shi magana ba. In mai kujera ya shigo ya yi ƙorafi ya fita, kafin ya tsallaka titi Aku ya kwashe muryarsa kaf, har da tarinsa da jan hancinsa. Yana yin mai shago in matarsa ta kira shi a waya, yadda tsawar nan ke narkewa ta koma "to, to, yadda kika ce". Yana yin mai fenti ranar da kyankyaso ya fito daga tsohon soso ya hau masa wando. Ba da mugunta yake yi ba, shi ya sa ko wanda ake yi da shi sai ya dara.

Sai dai duk dariyar shagon ba ita yake nema ba. Akwai mutum ɗaya a kusurwa, bayan keken ɗinki, shi yake yi wa. Tela ya girme shi da shekara shida, dogo ne marar yawan magana, kuma ba ya dariya da baki. Kafaɗunsa ne ke rawa, kansa a sunkuye a kan yadi. In Aku bai ga kafaɗun nan sun motsa ba, to wasan bai yi ba. Tela ne ya kawo shi shagon shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin da masaƙar da yake aiki ta rufe ya yi wata tara a zaune. Shi ya koya masa jan yadi har zanen hannun kujera ya haɗu da na mazauni, shi ya riƙa gyara masa ɓarnarsa kafin mai shago ya gani. Da matar Aku ta rasu ta bar shi da 'ya ɗaya, wata biyu cur abincinsu daga gidan Tela yake fitowa. Yaya yake ce masa. Matar Tela kuwa in ta gan shi a ƙofa sai ta ce, "Rediyo ya iso, a kashe na ɗaki."

Wata Litinin Tela ya wuni dafe da kunci, ya ce haƙori ke damunsa, gobe da safe zai biya a cire masa. Ranar Talata ya shigo a makare, ya rataye rigarsa ya zauna. Aku na durƙushe yana ɓare wata tsohuwar kujera mai zaman mutum uku, sai ya ji Tela ya yi magana. Almakashi yake nema, amma maganar ta fito a cakuɗe kamar ta mai ruwa a baki.

Aku ya ɗago ya ga gefen bakin Tela na dama ya zube. Nan take ya ce a ransa allurar likitan haƙori ce ba ta sake shi ba. Ya tofa ƙusoshin a tafin hannu, ya saki nasa gefen bakin, ya maimaita maganar daidai yadda ta fito. Mai fenti ya fashe da dariya har ya ajiye burushi. Tela ya sake magana, idonsa a kan Aku. Aku ya sake yi, wannan karon har da sakin hannu ɗaya yana lilo, don ya lura haka na Tela yake. Mai shago ya leƙo yana tambayar me ake yi, aka yi masa daga farko. Direban da ke kawo soso ya zo, shi ma aka yi masa. Kafaɗun Tela ba su motsa ba. Aku ya gani, ya ɗauka zafin haƙori ne ya hana, sai ya ƙara kaimi.

An kusa awa ɗaya a haka. Wata mata ce ta zo karɓar matasan kujerarta, ta kalli Tela sau ɗaya ta ajiye jaka. Ta ce ya ɗaga hannu biyu. Na hagu ya tashi, na dama ya ƙi. Ta ce a fito da mota yanzu, wannan ba haƙori ba ne, shanyewar ɓarin jiki ce. Sannan ta juyo ta dube su.

"Tun yaushe yake haka? Likita zai tambaya."

Aku ne ya buɗe baki. "Yanzun nan ne," ya ce.

Daga baya aka ji Tela bai ma je wurin likitan haƙorin ba. Ƙafarsa ce ta riƙa yi masa nauyi a hanya, shi ya sa ya makara.

Kwana goma sha takwas Tela ya yi a asibiti, Aku bai taka ba. Ranar da mutanen shago suka tafi dubiya ya ce cikinsa ya ɓaci. Karo na biyu ya ce akwai aikin da mai shi ke jira. Da aka sallami Tela ya koma gida, sai Aku ya ce a ransa bari ya huta tukuna, ba a damun majinyaci. Kwana ya zama mako, kuma kowane mako da ya wuce sai zuwan ya ƙara masa nauyi, don yanzu laifin biyu ne. Mai shago ya taɓa faɗa a gabansa cewa likita ya ce irin wannan ciwon minti ɗaya ma yana da daraja. Aku ya ci gaba da buga ƙusa kamar bai ji ba, amma guduma ta sauka a kan babban yatsansa.

Ba wanda ya ɗora masa laifi a baki. Mai fenti ma ya same shi a bayan shago yana wanke hannu ya ce, "Ka daina cin ranka. Ai mu ma mun yi dariya."

"Ku dariya kuka yi," in ji Aku. "Ni na yi abin dariyar."

Bakinsa ya mutu. Masu kujeru suka riƙa shigowa da muryoyi iri-iri suna fita da abinsu. Aka lulluɓe keken ɗinki da ragowar wani koren yadi, shi kuwa ya juya wa kusurwar baya yana aikinsa.

A mako na biyar mai shago ya dawo daga dubiya yana girgiza kai. Ya ce Tela ya rame har agogonsa na zamewa a hannu. Haɗiya ke ba shi wahala, abu mai tauri ko mai ruwa sosai yana sarƙe shi, sai mai kauri da laushi. Matarsa na dama masa abin da aka ce, shi kuma yana kawar da kai, wai ba jariri ba ne. Nama yake so, ba shi da halin tauna shi.

Da Aku ya koma ɗakinsa da yamma, ya hau kujera ya sauko da wani kwali daga saman kabad. Tukunyar lantarki ce mai dafa abinci a hankali, wadda 'yarsa ta saya masa da za ta yi aure don ya daina cin burodi da shayi safe da yamma. Shekara biyu tana nan ko ledarta bai cire ba. Ya kira 'yar a waya.

"Baba, kai da tukunyar nan? Bari in zauna tukuna."

"Ke dai faɗa min. Abu mai laushi da nama a ciki, wanda ba sai an tauna ba."

"Na Baffa Tela ne?"

"Eh."

"Na je na gaishe shi sau biyu. Goggo ta ce ba su gan ka ba."

"Aiki ya yi yawa."

Ba ta ja maganar ba, kuma rashin jan ya fi masa ciwo. Ta ce ya sayi cinyoyin kaza shida, ya cire fatar, kar ya sayi ƙirji don bushewa yake. Ya sayi adas, ƙananan jan waken nan masu faɗi kamar maɓallin riga, kofi ɗaya da rabi, ya wanke har ruwan ya daina fari. Albasa babba, karas uku, tumatir, tafarnuwa da 'yar citta, duk a yanka ƙanana. Gishiri ɗan kaɗan saboda hawan jini. Kayan lambun a ƙasa, adas a kai, kaza a sama, ruwa ya rufe su ya wuce da yatsa biyu. Ya murɗa maɓallin zuwa ƙaramar wuta, ya bar ta awa bakwai.

"Kuma Baba, kar ka buɗe murfin. Na san ka."

Ranar Lahadi da sassafe ya jona tukunyar. Bai kai awa ɗaya ba ya buɗe murfin, don bai yarda abin da ba ya tafasa yana dahuwa ba. Sau biyar ya buɗe. Ruwan ma sai da ya rage shi, yana ganin ya yi yawa. Da la'asar abin da ya samu ya fi kama da gam ɗin manna soso. Ya ƙara ruwan zafi ya juya, ya tsame kazar ya yayyaga ta da cokali mai yatsu, ya zuba a kula, ya sa rigarsa mai kyau ya fita.

Gidan Tela a hawa na biyu yake, a wani dogon bene mai baranda da ke fuskantar kemis. Aku ya sauka daga bas, ya tsallaka har bakin kemis ɗin, nan ƙafafunsa suka tsaya. Yana ganin labulen tagar falon, shi da Tela suka rataye shi. Ya tsara gaisuwarsa, ya rushe, ya sake tsarawa. Duk wadda ya tsara sai ya ji ta a kunnensa kamar muryar wani yake kwaikwayo. Mai kemis ya leƙo ya tambaye shi ko magani yake so. Ya sayi man zafi, ya koma tashar bas.

Akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ɗakin da ke ƙasan nasa. Ita ya miƙa wa kular. Washegari ta dawo masa da ita a wanke, da wani ɗan siririn ƙashi a naɗe cikin takarda.

"Ɗana, da ni ka so kashewa da ka faɗa min in yi sallama da mutane."

Aku ya tsaya yana kallon ƙashin. Da Tela ne ya haɗiye ƙashin nan fa.

Lahadi ta biyu bai buɗe murfin ba. Ya zauna a bakin gado yana kallon raɓa na taruwa a gilashin murfin tana gangarowa, ƙamshin albasa da citta na cika ɗakin sannu a hankali. Awa bakwai lokaci ne mai tsawo ga mutumin da ba ya son zama da kansa. Ya wanke kaya, ya share ɗaki, ya gyara ƙafar teburin da ta shekara tana rawa, duk da haka safiyar Talatar nan ta same shi. Abin da ke dawo masa ba bakin Tela ba ne, idon ne, yadda ya kafe shi a kansa shi kaɗai, don a duk shagon shi ya fi cancanta ya gane. Da lokaci ya yi ya tsame kazar a faranti, ya bi ta da yatsunsa tsoka-tsoka, ya fitar da kowane ƙashi da guringuntsi ya jera a gefe. Ya murje adas da karas da bayan ludayi har suka zama ɗaya, ya mayar da naman, ya matsa lemon tsami kaɗan. Romon ya yi kauri daidai, yana zubowa daga cokali a hankali.

Ya kai bakin kemis, ya tsaya, ya dawo. Lahadi ta uku har ya shiga benen ya hau matakala huɗu, ya ji an buɗe wata ƙofa a sama, ya juya da sauri kamar ɓarawo. Tsohuwar ta ce hannunsa ya fara faɗawa, amma ta tambaye shi wace ce wannan da ke ƙin abincinsa kowane mako.

Lahadi ta huɗu yana tsaye a wurinsa na kullum, ya ji an yi magana a bayansa.

"Malam, in ba za ka hau ba, ba ni kular in hutar da kai."

Matar Tela ce, ta fito daga kemis da ledar magani. Ta faɗa, idonta ya zurma. Tun da ya san ta ba ta taɓa ce masa Malam ba.

"Uwargida," ya ce.

"Mako uku ina shanya a baranda ina ganinka. Na ce bari in ga iya gudun ruwanka." Ta gyara riƙon ledar. "Mai fenti ya faɗa min komai, tun a asibiti. Har abin da ka ce wa matar nan. Ni na je na gaya wa likita gaskiyar lokacin."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Mutane na wucewa ta gefensu, wani mai keke ya kaɗa ƙararrawa.

"Na ɗauka haƙori ne," ya ce a hankali.

"Na sani. Wannan na gane shi. Mako takwas ɗin ne ban gane ba." Ta kalli kular. "Mene ne a ciki?"

Ya faɗa mata. Ta tambayi gishiri, ta tambayi ƙashi, ta buɗe nan a bakin titi ta duba kaurinsa. Sannan ta miƙa masa abinsa ta wuce gaba, ya bi ta.

An fitar da teburin tsakiyar falon don a sami hanya. Tela na zaune kusa da taga, an tokare masa gefen dama da matashi, hannun na kan cinyarsa kamar an ajiye masa shi. Aku ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ba, ya durƙusa a bakin ƙofa. Matar ta zuba romon a ƙaramin kwano, ta ɗaura wa mijin tawul a wuya, sai ta miƙa wa Aku cokalin.

"Rabin cokali. Ka jira ya haɗiye kafin ka ƙara. Ni zan je in kwashe shanya."

Ya matso a kan gwiwoyinsa. Cokali na farko rabinsa ya zubo ta gefen bakin, Aku ya goge da tawul bai yarda sun haɗa ido ba. Tela ya haɗiye da ƙyar, ya tsaya kamar mai sauraren wani abu, sannan ya buɗe baki. Haka suka yi har kwanon ya kusa rabi.

"Yaya," in ji Aku, idonsa a kan kwanon. "Ranar nan, ni ne na hana a gane. Kuma da aka tambaya na yi ƙarya. Kuma ban zo ba."

Tela ya daɗe yana haɗa kalmomin. Suna fitowa ɗaya-ɗaya, a karkace, amma Aku, wanda kunnensa bai taɓa barin sauti ya wuce ba, ya ji kowace.

"Kai nake kira. Cewa nake, kai ni asibiti. Kai kuma kana yi."

"Na sani yanzu."

"Na ji tsoro, Aku."

Aku ya ajiye cokalin ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ya jira ya ji ko za a ce an yafe, ko a ce ya tashi ya fita. Ba a ce ko ɗaya ba. Bayan wani lokaci Tela ya buga hannun kujera da yatsunsa na hagu, ya nuna kwanon. Aku ya goge ido ya ɗauki cokalin. Tela ya cinye, aka ƙaro masa rabin ludayi. Da matar ta dawo ta ga kwanon, sai ta shiga kicin ta daɗe a can.

Tun daga ranar kowace Lahadi yake zuwa, ya ƙara da Laraba bayan an tashi daga aiki. Wani lokaci ya sa dankali a romon, wani lokaci alayyafo da ya yanka sirara. Tela ya fara mayar da jiki, maganarsa ta ɗan washe, amma hannun dama bai dawo ba, kuma bai sake komawa shagon ba. Mai shago ya ɗauki wani tela, mutumin kirki mai yawan surutu, wanda har yau bai san dalilin da ya sa ake kiran wannan shiru-shirun da Aku ba.

Wata Laraba ya tarar da matar da ke zuwa tana motsa wa Tela gaɓoɓi. Ya raka ta har ƙasan bene, ya tambaye ta ko da an kai shi da wuri da awa ɗaya hannun zai tsira. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, ba wanda zai iya faɗa masa wannan. Ya yi mata godiya. Ya so amsar ta zama ɗaya daga cikin biyun, ko wacce ce, don ya san abin da yake ɗauke da shi.

Da ya hau sama ya tarar matar Tela na kokawar tayar da mijin daga kujera. Kujerar ta yi masa ƙasa da yawa, in ya nutse a ciki sai mutum biyu. Aku ya taimaka suka miƙar da shi. Sannan ya zaro ma'auni daga aljihu, ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwar Tela, ya auna faɗin mazaunin, ya rubuta a bayan hannunsa. Ya ce kujerar za ta so ƙarin yatsa huɗu a ƙafa da soso mai tauri, ranar Asabar zai zo da kayan aiki ya yi a nan, ba sai an sauke ta ba.

"Ka zo da safe," in ji matar. "Da rana barci yake."